Fatun Maraɗi Goma Sha Biyu a Ƙasar Fotugal

Tun da na dawo daga Fotugal ban huta da tambaya ba. In an tashi daga sujada a cocinmu na Upper Marlboro, nan Amurka, sai mata su tare ni a wurin ajiye motoci, in na leƙa shagon Alhaji Isufu a Wheaton kuma direbobin Nijar da ke shan shayi a bayan kanta su ce, "Sista, ba mu labarin Turai." Na gaji da ba da shi gutsi-gutsi, shi ya sa na zauna in rubuta gaba ɗaya, kowa ya karanta ya bar ni in sha ruwa.

Sunana Rifkatu, 'yar Filato ce ni, nas a wani asibiti da ke cikin Washington. Duk wadda ta taɓa tsayuwar awa goma sha biyu a ɗakin marasa lafiya ta san ƙafa ce ke fara kuka kafin baya. Wata rana na je sayen daddawa da gero a shagon Alhaji Isufu, mutumin Maraɗi, ina ƙorafin takalmin roba da ke dafa mini yatsu. Sai ya shiga ciki ya fito da wata fata ja, mai laushi kamar tsohon zane, ya ce yayansa Malam Sani ne ya jeme ta da bagaruwa, fatar jar akuya ce. Daga wannan hira muka ƙulla shawarar mu yi wa ma'aikatan jinya takalma da fatar gida. Muka yi ta bincike har muka samu wata ƙaramar masana'anta a arewacin Fotugal da ta amsa wasiƙarmu. Burinmu kayan su iso kafin wani taron nas-nas 'yan Afirka da ake yi a watan Satumba, don har mun kama tebur a can, na kuma cika baki a gaban abokan aikina.

Alhaji ba ya iya fita daga Amurka, takardun zamansa ba su kammala ba. Ni ce mai fasfo, don haka ni aka ɗora wa tafiyar. A ƙarshen watan Yuli ya ɗaure mini fatu goma sha biyu a cikin akwati, ya ce, "Sista, amanar mutum biyu ke hannunki, ni da Yaya. Shekara arba'in yana jima, bai taɓa sanin inda fatarsa ke ƙarewa ba."

Maigidana ya ɗauke ni zuwa filin jirgi na Dulles, muka faɗa cikin cunkoson babban titin da ya kewaye birnin, har sai da na sauka na kama jirgin ƙasa na Metro ina jan akwati mai warin bagaruwa. Wani Bature da ke kusa da ni ya shinshina, ya dube ni, ya dubi akwatin, ya tashi ya koma can gaba. Na samu kujera biyu ni kaɗai, ban yi fushi ba.

Da safe muka sauka a Lisbon. Wurin duba fasfo bai ba ni wahala ba. Ina tura kayana zan fita sai wani ɗan ƙaramin kare na kwastan ya zo ya zauna daram a gaban akwatina ya ƙi motsi. Jami'ar da ke riƙe da shi ta ce in buɗe. Na ce a raina shi ke nan, fatun Malam Sani sun ƙare a nan. Ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ta murza, ta tambaye ni ko ɗanyu ne. Na ce jemammu ne, samfur na kawo wa masu takalma, na nuna mata wasiƙar masana'antar. Ta gyaɗa kai. Amma karen bai tashi ba. Ta tura hannu can ƙasan akwatin ta zaro wani ƙunshi a cikin jarida. Kilishi ne. Matar Alhaji ce ta cusa mini guzuri ba ta faɗa mini ba. Jami'ar ta yi mini bayani cikin ladabi cewa ba a shiga da nama ƙasashensu, ta jefa shi a kwandon da ake ƙonawa. Ni da karen muka bi ƙunshin da ido, ban san wanda ya fi baƙin ciki a cikinmu ba.

Daga nan na hau jirgin ƙasa zuwa Porto, na sake kama bas zuwa garin masu takalman, wanda ke cikin tuddai kamar hanyar Pankshin. Abin da na fara lura da shi a bas ɗin, kusan duk tsofaffi ne. Na sauka a gidan wata gwauruwa mai ba da hayar ɗakuna. Ba ta jin Turanci, ni ba na jin yarensu, sai muka koma magana da hannu da waya. Ta kawo mini miyar ganye da burodin masara mai tauri, sannan busasshen kifi mai gishiri, irin wanda maƙwabtanmu Ibo ke sawa a miya, sai dai su da dankali da man zaitun suke dafa shi. Na roƙi barkono, ta kawo mini wani jan gari, na zuba cokali biyu ban ji ko ɗigon yaji ba. Ta tsaya tana kallona tana riƙe da ƙirji, wai zan ƙone.

Washegari Ines ta zo ta ɗauke ni. Ita ce 'yar mai masana'antar, ta yi karatu a Ingila, ita ke amsa wasiƙun baƙi. Kafin mu je ko'ina ta ce sai na yanki lambar haraji, don a ƙasarsu baƙo ba ya buɗe asusun banki ko ya yi rajistar kasuwanci sai da ita. Ko kofi ka saya, mai kanti zai tambaye ka ko a sa lambarka a rasit. Muka je ofishin, na ce mata ta je ta yi harkarta, ai na saba da ofisoshin Amurka. Na ciri tikitin layi na zauna. Sai da na yi awa biyu aka kira ni, ashe layin masu harajin mota na bi. Ines ta dawo ta same ni ina zaune ina cika ina batsewa, ta yi dariya har da hawaye, ta ciro mini tikitin da ya dace. Ta ce ƙasarsu na son baƙi masu kawo aiki, amma tana son takarda fiye da baƙin.

Masana'antar ba ta kai girman cocinmu ba. Mutane wajen talatin ne a ciki, yawanci mata masu furfura, kowace a kan keken ɗinkinta, rediyo na waƙa a hankali. Mahaifin Ines, Sinyor Armandu, gajeren tsoho ne mai kaurin hannu, sanye da rigar aiki shuɗiya irin ta kowa. Da ba a nuna mini shi ba, da na ɗauka mai shara ne. Bai tsaya dogon gaisuwa ba, ya ce in shimfiɗa fatun a tebur.

Ya ɗauki ta farko ya kai hanci, ya rufe ido. Ya daɗe a haka. Sannan ya yi magana, Ines ta fassara: "Ya ce da itace aka jeme wannan, ba da sinadari ba. Ya ce rabonsa da wannan ƙamshi tun mahaifinsa na da rai." Na ji daɗi har na fara tsara yadda zan ba Alhaji labari. Sai tsohon ya ɗaga fatar ya saita ta da hasken taga, ya fara nuna mini abin da ban taɓa gani ba. Nan wuƙar mahauci ta zame wajen fiɗa. Nan ƙaya ta karce akuyar tun tana da rai. Nan fatar ta yi kauri, can ta yi siriri kamar takarda. Ya dinga ware su, wannan dama, wannan hagu. Da ya gama, huɗu ne kawai a dama.

"Takwas ɗin fa?" na tambaya.

"Ya ce a yi jaka da su, ko matashi. Huɗun nan ma ba za su yi bayan takalmi ba, ruwan asibiti zai ɓata su. Amma a shafin ciki, inda ƙafa ke kwanciya, ya ce bai san abin da ya fi su ba. Kuma sai an kai ɗakin gwaji an ba da takardar cewa babu guba a jiki, in ba haka ba doka ba ta bar shi ya taɓa su ba."

Na haɗiye wannan. Na kawo maganar da ta fi damuna, na ce muna son kayan kafin tsakiyar Satumba. Ines ba ta ma fassara ba, ta ce, "Ba zai yiwu ba. Ranar Juma'a muke rufewa, sai ƙarshen Agusta."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce wane ne ya mutu? Ta ce ba kowa, hutu ne. Kowace shekara haka suke yi, su da masu yin ƙasan takalmi da masu kwali da masu zare, duk garin. Ma'aikaci na da hutun kwana ashirin da biyu na aiki a doka, da albashinsa, kuma ana ba shi albashin wata guda na hutu da wani na Kirsimeti, wato sau goma sha huɗu ake biya a shekara. Na ce to a biya su kuɗin ƙarin lokaci mana, mu za mu ɗauki nauyi. A asibitinmu in aka ce akwai ƙarin awa, rige-rige muke yi. Ines ta faɗa wa mahaifinta. Ya dube ni kamar na ce ya sayar mini da ɗaya daga cikin matan.

"Ya ce 'ya'yan matan nan duk suna Faransa da Suwizalan da Jamus, don albashin nan ƙasar ba ya riƙe matashi. A watan Agusta kaɗai suke dawowa gida da jikoki. Ya ce ki zaɓi wadda za ki je ki gaya wa ba za ta ga jikanta bana ba, shi ba zai iya ba."

Na fita waje na kira Alhaji. Ya ce, "Sista, ki matsa masu. Bature in ya ga oda ba ya barin ta. Ni nan ko ranar Salla rabin wuni nake rufe butik." Na ce zan gwada. A raina kuwa haushi nake ji. Na baro marasa lafiyata, na cinye ɗan hutun da na tara shekara biyu, na zo wurin mutanen da za su kulle ƙofa su tafi bakin teku.

Ƙarfe goma sha biyu da rabi aka kashe kekuna gaba ɗaya, kamar an ɗauke wuta. Ines ta ce in zo mu ci abinci. Dogon tebur ne guda a bayan masana'antar, mai gida da ma'aikata duk a kansa, ba mai cin abinci a tsaye ko a gaban na'ura kamar yadda muke yi. Aka zaunar da ni kusa da wadda ta fi kowa daɗewa a wurin, Dona Fatima, wadda ke ɗinka samfurin kowane sabon takalmi kafin sauran su bi. Da na ji sunanta, na ga kuma an zuba mata tumbi da wake da naman alade, sai na kama hannun mai rabon abincin ina cewa a'a, a'a. Ines ta tambaye ni lafiya. Na ce ai Fatima ce, Musulma. Da aka fassara, teburin ya kwashe da dariya. Dona Fatima ta zaro sarƙar gicciye daga wuyanta ta nuna mini, ta ɗebo naman ta ƙara mini a kwano. Ashe rabin tsofaffin matan ƙasar sunansu ke nan.

Ta cire mini takalmi a ƙarƙashin tebur ba tare da neman izini ba, ta kama ƙafata ta latsa nan ta latsa can, tana yi wa Ines bayani. Wai ƙafata mai faɗi ce a gaba, kamar ta mutanen da suka yi yarinta ba takalmi, kuma ƙafar katakon da suke haɗa takalmi a kai ba za ta yi mana ba, sai an sassaƙa sabuwa. Gaskiya ta faɗa, har na gama firamare a ƙauyenmu takalmin Lahadi kaɗai gare ni.

Tana cikin wannan bayani cokali ya faɗi daga hannunta. Ta sunkuya za ta ɗauka, hannun ya ƙi. Ta yi magana, na ga matan da ke gefenta sun dubi juna suna murmushi, sun ɗauka wasa take. Ni ba na jin yarensu, don haka fuskarta nake kallo, na ga gefen bakinta na dama ya zube. Na tashi tsaye na kama hannayenta biyu na ɗaga, na saki. Na dama ya faɗo kamar tsumma.

"Ines, kira motar asibiti yanzu. Ki ce shanyewar ɓarin jiki ce, ta fara ƙarfe ɗaya da minti goma. Ki faɗi lokacin, kada ki manta."

Wata ta kawo ruwa za ta ba ta, na ture kofin. Wata ta ce a kai ta ɗaki ta ɗan kwanta, na ce ba inda za ta. Muryar da nake amfani da ita a wurin aiki ce ta fito, ba su san kalmomin ba amma kowa ya bi. Muka kwantar da ita a gefe, na kwance mata maɓallin wuya, na riƙe hannunta na hagu. Ta ƙura mini ido, tsoro ya cika su. Ban san abin da zan ce mata ba, sai na ji ina cewa da Hausa, "Sannu Mama, ina nan, ba zan tafi ba." Ta matse mini yatsu.

Ni da Sinyor Armandu da Ines muka bi motar a baya. A hanya na tambayi Ines wace inshora Dona Fatima ke da ita, kuma asibitin da za a kai ta yana karɓar irinta? Ta ce ba ta gane tambayar ba. Na sake yi mata bayani. Ta ce, "Asibitin gwamnati ne. Za su duba ta." Na ce aikinta fa, in ta yi wata shida a kwance? Ta ce hukumar da ake yanka wa kuɗi duk wata za ta riƙa ba ta wani abu, kekenta kuma na nan, doka ba ta yarda a kori mutum don ya yi ciwo ba. Ta ƙara da cewa kada in ɗauka aljanna ce, wani lokaci mutum kan yi watanni yana jiran ganin likita, kuma abin da tsohuwar za ta samu ba yawa. Na tuna marasa lafiyar da na sha gani a Washington, ana tura su a gado suna tambayata nawa motar asibitin za ta ci.

Likitan ya fito kafin la'asar ya ce an kai ta da wuri, sun samu sun ba ta maganin narkar da gudan jinin, kuma sanin lokacin da abin ya fara ne ya ba su dama. Sinyor Armandu ya zauna a benci ya rufe fuska da hularsa. Ines ta ce tun suna 'yan shekara sha huɗu suke aiki tare, shi yana yanka, ita tana ɗinki.

Ga masu cewa ai daga nan sai ya buɗe mini masana'anta a watan Agusta, ku yi haƙuri, bai buɗe ba. Ni ma ban sake tambaya ba, kunya ba ta bar ni ba. Abin da ya yi shi ne, ranar Juma'a da aka kashe kekuna, ya kira ni ofis ya ce ba ya karɓar oda ƙarama irin tamu, amma zai karɓa. Zai sassaƙa sabuwar ƙafar katako da hannunsa. Kaya sai Nuwamba. Ya kuma zana wa Malam Sani hoton akuya a takarda, ya sa alama a wuraren da mahauta za su kiyaye da wuƙa. Na je na yi wa Dona Fatima sallama. Bakinta ya fara daidaita, hannun dai bai dawo ba. Har yau bai dawo sosai ba. Ines ta ce tana zuwa masana'antar sau biyu a mako, ta zauna kusa da wasu sababbin ma'aikata biyu, ɗaya 'yar Nepal ɗaya 'yar Gine Bisau, tana koya masu da baki da hannun hagu, tana faɗa kamar da.

Da na dawo, daga filin jirgi Wheaton na wuce. Alhaji bai ji daɗi ba, kuma bai ɓoye ba. Taron Satumba ya wuce mu, na tsaya a bayan tebur da fatu takwas da hoton takalmi a waya, wasu abokan aikina suna yi mini dariya a fakaice. Ya fi mako biyu yana ce mini, "Wata guda cur, Sista? Kuma a biya su?" Yana faɗa yana girgiza kai, amma na lura ba kullum da haushi yake faɗa ba. Shekararsa tara bai ga Maraɗi ba.

A watan Oktoba, bayan sababbin fatu sun isa kuma takardar gwaji ta fito, Ines ta kira ta ce me za a buga a shafin ciki, don mahaifinta ya ce fata irin wannan ba a barinta ba suna. Alhaji ya kira yayansa a gabana. Malam Sani ya ce shi ba ya son sunansa a ƙarƙashin ƙafar mutane, a sa sunan gari. Alhaji ya rubuta "Maraɗi" a takarda, na ɗauki hoto na tura. Bayan kwana biyu Ines ta sake kira, wai akwai wani harafi mai lanƙwasa a ka wanda babu shi a injinsu, ko a sa na Faransanci kawai? Alhaji ya karɓe wayar daga hannuna, da guntun Turancinsa ya ce, "Madam, Faransawa ne suka cire mata ƙugiya. Mu da ƙugiya muke faɗi." Na ji Ines tana fassarawa, na ji tsohon ya yi wata gajeriyar dariya daga nesa. Ashe wurin maƙerin tagulla ya je aka yanka masa harafin shi kaɗai.

Kwalayen sun iso ana saura kwana uku bikin godiya na Amurkawa. Muka buɗe na farko a bayan kanta, direbobi sun kewaye mu da kofunan shayi. Alhaji bai dubi bayan takalmin ba, ya buɗe bakinsa ya leƙa ciki, ya sa babban yatsa yana shafa rubutun. Sannan ya kira Maraɗi ta bidiyo, ya kanga wayar a bakin takalmin. Malam Sani bai yi boko ba, ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika allon, ya ce, "Isufu, me aka rubuta?"

Alhaji ya buɗe baki zai karanta masa, sai ya fasa. Ya miƙo mini wayar ya juya baya yana gyara buhunan gero da ba su buƙatar gyara. Ni na karanta wa Malam Sani.